Gishirin da Aka Watsa Mini a Biyetnam

Kwana goma sha takwas na yi a birnin Saigon ina yawo da hoton mamaci a aljihu. Hoton ƙanina ne Kyari, wanda hatsarin babur ya yi ajalinsa a ƙasar Biyetnam wata huɗu kafin zuwana. Abu biyu aka aiko ni in yi: in tsaya a kan kabarinsa, in kuma nemo 'yarsa in nuna wa mahaifiyarmu fuskarta ta waya. Ba ni da adireshi, ba na jin yarensu, bizata kuma ta wata ɗaya ce, kullum tana raguwa ina kallo.

Mu 'yan Soron Ɗinki ne a cikin birnin Kano, amma kakanninmu daga Barno suka zo da sana'arsu ta turaren wuta. Iya, mahaifiyarmu, ita ke haɗawa a tsakar gida, mu kuma mu sayar a rumfarmu ta Ƙofar Wambai. Neman itacen ud mai kyau ne ya kai Kyari can, shekara bakwai da suka wuce. Da niyyar wata uku ya tafi, sai ya ga 'yar masu sassaƙar itacen, wata mai suna Lan, ya aure ta ya zauna. Suka haifi 'ya mace, ya sa mata sunan Iya, yana kiran ta Ummi.

Tun ranar da labarin rasuwarsa ya iso Iya ta daina cin abinci. Ba da gangan take yi ba, maƙogwaron ne ya rufe. Sai ruwan shayi, shi ma sai ƙanwata Yagana ta yi ta lallami. Cewa take ɗan da ba ta ga makwancinsa ba, ba ta kuma ga jininsa ba, ta ina tuwo zai bi ya wuce. Likita ya duba ya ce babu wata cuta sai damuwa, amma in aka ci gaba a haka da wuya ta kai azumi.

Gara in faɗi laifina da bakina kafin wani ya faɗa. Ni na jawo muka rasa adireshin. Ranar da Lan ta kira tana kuka, tana harhaɗa ɗan Turancinta, ban yi mata ta'aziyya ba. Ce mata na yi yarinya jininmu ce, za mu zo mu ɗauke ta. Ta kashe waya, ta toshe lambata da ta kowa a gidanmu. Ni mutum ne mai kafiya, ga saurin baki. A kasuwa ana ce mini Bukar Ba-Ragi, kuma ba don yabo ake faɗa ba. Har na sauka a ƙasar nan, niyyar ɗauko yarinyar tana nan cikin raina. A ƙasan jakata kuma akwai kwalba ɗaya ta turaren da Iya ta haɗa da hannunta kafin ta kwanta, irin haɗin da Kyari ke turara kayansa da shi tun yana saurayi, wanda duk shekara ake aika masa. Ta ce in kai wa takwararta.

Saigon gari ne na babura. In ka tara duk masu adaidaita sahun Kano wuri ɗaya, ba su kai rabin titi guda ba. Ranar farko rabin awa na yi a bakin titi na kasa tsallakawa, sai da wata tsohuwa mai tallan furanni ta kama hannun rigata ta ja ni kamar akuya, baburan suna kauce mana. Da muka tsallaka ta sake ni ta wuce, ko waiwayowa ba ta yi ba.

A sati na biyu na gamu da wani ɗan ƙasarmu da ya rantse mini ya san Kyari farin sani. Kwana uku yana yawo da ni unguwa-unguwa, yana cin abinci a kaina, a na huɗu ya ce in jira shi a bakin wata kasuwa. Ina jin har yau ana jiran sa. Wani direban tasi kuma ya zagaya da ni gari ya dire ni inda ya ɗauko ni. Na yi abin da kowane Bakano zai yi in an cuce shi: na ɗaga murya don jama'a su taru su bi mini haƙƙina. Babu wanda ya taru. Kowa ya kau da kai, wasu suna ɗan murmushi, direban ma murmushin yake yi. Sai daga baya na gane cewa a can wanda ya ɗaga murya shi ya faɗi, ko da shi aka cuta, murmushin kuma kunya ce suke ji a madadinka. A lokacin gani nake dariya ake yi mini, na koma masauki ina huci.

Hatta sallah sai da ta rikita ni. Mu da muka tashi muna cewa a fuskanci gabas, can alƙibla yamma take. Na ɗaure na bi abin da waya ta nuna, amma zuciyata ba ta daina ce mini na juya wa Ka'aba baya ba. Ga wata tambaya da ta ishe ni: duk wanda ka tsaya da shi, kafin ya tambayi sunanka sai ya tambayi shekarunka. Na riƙa ce musu ina ruwanku, da Hausa, tunda ba ji suke ba.

Ranar Juma'a ta uku, bayan an idar da sallah a wani ɗan masallaci da ke cikin lungu, na tsaya a bakin ƙofa da hoton a hannu kamar mai bara. Wani mai sayar da huluna ya daɗe yana kallon sa. Sai ya ɗauko takarda ya rubuta sunan wani ƙauye da ke bakin teku, can arewa, da sunan mutum: Haji Yusuf. Ya nuna hoton, ya kwantar da tafin hannunsa ya yi alamar binnewa. Na gane.

Motar da na shiga cike take fal, domin babban idinsu na sabuwar shekara, wanda suke kira Tet, ya matso, kowa yana komawa gida. A bakin ƙofa ake tuɓe takalmi a sa a leda. Wata mata da ke kusa da ni ta miƙo mini wani abu a naɗe cikin ganye, da hannu bibbiyu. Na ji tsoron alade, na kaɗa hannu da sauri kamar mai korar ƙuda. Na ga fuskarta ta faɗi. Can ta lalubo ayaba biyu ta sake miƙo mini. A wannan karon na karɓa da hannu biyu kamar yadda muke karɓar abu daga manya, na rusuna. Tun safe babu abin da ya shiga cikina, ina ci hawaye na neman tona mini asiri.

Haji Yusuf tsoho ne siriri, da zane ɗaure a ƙugu da farar hula, daga wata ƙabila ta Musulmin ƙasar da ake kira Cam. Ya yi karatun Larabci a ƙuruciyarsa, ni kuma ina da ɗan abin da na tsinta a zauren malamin unguwarmu. Da wannan Larabcin na littafi muka riƙa lallaɓawa, inda ya ƙare mu cika da hannu. Ya ce shi ya ɗaura auren Kyari, shi kuma ya wanke shi. Ya ce Lan ce ta ɗauko gawar a mota, tafiyar awa uku, don Kyari ya taɓa gaya mata cewa in ya mutu a kai shi cikin Musulmi. A bakin maƙabarta ta tsaya cikin rana, da 'yarta a hannu, har aka gama. Wannan ce matar da na kasa yi wa ta'aziyya. Kunya ta kama ni har na kasa haɗa ido da tsohon.

Kabarin yana cikin yashi, awaki na kiwo a gefe. Na yi masa addu'a, na yi kukan da ban yi a Kano ba saboda idon mutane. Sannan na kira Yagana ta kai wa Iya waya, na juya mata ta ga tudun ƙasar. Iya ta ƙura masa ido. Daga ƙarshe ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba don ƙanƙanta, "Alhamdu lillahi. Saura ɗaya, Bukar."

Haji Yusuf ya rubuta mini kwatancen gidan su Lan, amma ya riƙe takardar bai sake ta ba sai da ya maimaita mini sau uku: in bari idi ya wuce da kwana biyar, kada in shiga gidan kowa kafin nan. Ya so ya yi mini bayani, Larabcinsa ya gaza, nawa kuma da ma gurgu ne. Na ɗauka hidima ce za ta yi musu yawa. Kwana tara suka rage mini a biza. Washegari Yagana ta kira ta ce Iya ta faɗi a hanyar banɗaki, an sa mata ƙarin ruwa. Sai na zauna na yi lissafi irin na Soron Ɗinki. Na ce ai ranar sallah ita ce ranar zumunci, ranar da ko wanda kuke gaba da shi ya shigo gidanka ba ka korar sa. In akwai ranar da zuciyar mutanen nan za ta yi laushi, to ranar idinsu ce, kuma gara in yi sammako kafin baƙi su yi yawa. Ban gaya wa tsohon ba, na hau mota.

Na kwana a wani ɗan masauki a garinsu. Da gari ya waye na yi wanka, na fito da farar shaddata da ta sha guga, wadda na ajiye musamman don wannan rana, na kafa hula zanna. Na kalli madubi na ce ko gidan sarki za ni, iyakar abin da zan sa ke nan. Tituna shiru, kowane gida da tukunyar fure ruwan ɗorawa a ƙofa, da jajayen takardu a manne. Da na isa gidan na tarar da ƙofa a buɗe wangame, an jera shayi da kayan zaƙi a tebur, mutanen gida sun ci ado suna zaune suna kallon ƙofa. Wallahi har na ji daɗi. Na ce a raina wataƙila Haji Yusuf ya yi musu waya.

Na tuɓe takalmi, wannan kam na sani. Na sa ƙafar dama na shiga da sallama. Tun a masauki na rubuta abin da zan faɗa a waya don ta fassara, sai na danna ta, ta faɗa musu da ƙarfi cikin yarensu: ni wan Kyari ne da ya rasu, na zo ta'aziyya.

Wata tsohuwa ƙarama da ke zaune a tsakiya, uwar Lan, ta miƙe ta dafe ƙirji. Ta kalli ƙafata, ta kalli rigata, sai ta fashe da kuka. A daidai nan na ji motsi a bayana. Wani mutum ne mai ƙiba, fuska a sake, da jar riga da jar ambulan a hannu, ya tsaya cak a bakin ƙofa, ƙafarsa ɗaya a sama. Shi ake jira. Da minti ɗaya na riga shi.

Lan ta fito daga ɗaki. A hoto kawai na san ta, ta rame sosai. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cikin Turanci ta ce, "Fita. Don Allah ka fita." A ƙasan labulen da ke bayanta na hango wata 'yar ƙafa mai duhun fata irin tamu. Iyakar abin da na gani na Ummi ke nan. Ina juyawa tsohuwar ta biyo ni da kwano, tana watsa gishiri da ɗanyar shinkafa a duk inda na taka, har bakin titi. Wani gishirin ya same ni a wuya, ya gangara cikin shaddata. Aka rufe ƙofa.

A bakin hanya na zauna na kira Haji Yusuf. Ya daɗe yana salati. A hankali, kalma-kalma, ya fahimtar da ni abin da na aikata. A wurinsu ƙafar da ta fara shiga gida ranar sabuwar shekara ita ke ɗauke da rabon gidan na shekarar gaba ɗaya. Tun da watanni ake zaɓar mutumin, mai lafiya, mai iyali, wanda shekarar haihuwarsa ta dace da ta maigida. Wanda aka yi wa rasuwa ba ya shiga gidan kowa a kwanakin nan. Fari kuma shi ne kayan makokinsu. Ambaton mutuwa a ranar kuwa ba a yi ko da wasa. Gishiri da shinkafar kuma na korar rashin sa'ar da na shigo da ita ne. Gidan da ya binne suruki a bara, ya ɗora duk fatansa a kan wannan safiya, ni na haɗa musu duka a taki ɗaya.

Na ce masa ai wannan camfi ne. Ya ce, "Camfi ne a wurina da wurinka, ɗana. Amma kai kake neman shiga gidansu, ba su suke neman shiga naka ba." Na tuna Iya, da duk karatunta, ba ta taɓa bari a tsallaka yaro yana kwance ba, wai ba zai yi tsawo ba, kuma babu wanda ya taɓa cewa da ita jahila.

Kashegari abin ya ƙara lalacewa. Mai masaukina ta zo ta tsaya nesa da ƙofata, ta rubuta a wayarta ta nuna mini: yarinyar gidan can zazzaɓi ya kama ta, an kai ta asibiti. Ba ta ƙara komai ba, amma ta kalli ƙafata. Duk garin ya sani. In na fito mutane sai su shige gida, masu shago su ja ƙofa, da ma yawancin shagunan a rufe suke saboda idi. Burodi da ayaba na riƙa ci.

Na nemi asibitin, na tsaya a tsallaken titi, ban kuskura na shiga ba. Tun hantsi har la'asar ina tsaye a rana, kwana biyu a jere. Na san zazzaɓi zazzaɓi ne, sauro ke kawo shi, ba ƙafar Bukar ba. Amma na san kuma in yarinyar nan ta mutu, ni na kashe ta a wurin mutanen nan har abada, Iya kuma za ta bi ta ba ta ga fuskarta ba. Ban taɓa jin tsoro irin na waɗannan kwanaki ba. Na roƙi Allah da duk addu'ar da na haddace, da ta ƙare na koma roƙo da Hausa. A tsayuwar nan ne na ga tsohuwar ta fito da tawul a hannu ta jiƙa a famfo, ta koma da gudu-gudu, ita da ke tafiya da kyar. Na tambayi kaina, wannan matar zan ƙwace wa yarinya in kai ta gidan da ko yarenta ba a ji? Niyyar da na ɗauko tun daga Kano a bakin titin nan ta mutu.

Kullum Yagana sai ta kira, kullum in ce gobe. Rana ta uku ta sa mini Iya, na ji ta ce, "Bukar, ka gan ta?" Na yi kamar layi ya katse, na kashe. Daga baya na kira Yagana na gaya mata gaskiya duka, har da gishirin, na roƙe ta kada ta gaya wa Iya. Na manta cewa bakin Yagana rariya ne.

Na aika wa Lan saƙo ta hannun Haji Yusuf. Na ce ban zo ɗaukar Ummi ba, na janye abin da na faɗa, na kuma nemi gafarar ta'aziyyar da ban yi mata ba. Kallo ɗaya nake roƙo, saboda wata tsohuwa da ta daina cin abinci. Ba a ba da amsa ba. Ranar huɗu ga idi aka sallamo yarinyar, zazzaɓi ya sauka. Ranar biyar, saura kwana uku bizata ta ƙare, kuma dole washegari in kama hanyar Saigon, sai ga tsohon ya sauka daga mota da leda a hannu. Ya ce an yarda in zo da yamma, amma ba a yi alkawarin fito da yarinya ba.

A cikin ledar riga ce ja mai zanen furanni, gajeren hannu. Ni da gemuna da shekaruna arba'in da shida. Da 'yan Ƙofar Wambai sun gan ni a ranar, da sai dai in canza kasuwa. Na sa. Ya zaunar da ni ya koya mini kamar ɗan makarantar allo. Kada in taka dokin ƙofa, in tsallake shi. In fara gaida wadda ta fi kowa tsufa, hannuwa a harɗe a ƙirji, kai a sunkuye. Kada in zauna sai an nuna mini wuri, kada in sha shayi sai ta ɗauki nata, kada in juya wa teburin kakanninsu baya. Murya ƙasa-ƙasa. In an tambayi shekaruna in faɗa, domin da shekaru suke sanin sunan girmamawar da za su kira ka da shi, yaya ne ko kawu. Ashe duk waɗanda na riƙa yi wa tsawa neman yadda za su girmama ni suke yi. Muka sayi kwandon 'ya'yan itace muka tafi.

Na yi duk abin da aka ce. Tsohuwar ta karɓi kwandon ba ta dube ni ba. Aka sha shayi shiru, labulen nan a sake, babu ko motsi a bayansa. Can sai ta miƙe ta nufi wani dogon tebur a ƙuryar falo, mai hotunan mamatansu da fitilu da kwanukan abinci. A gefe guda, kan wani ɗan katako shi kaɗai, ga hoton Kyari yana dariya. Ta kunna tsinken turare uku, ta juyo ta miƙo mini.

Kowa ya zuba mini ido. Na kalli Haji Yusuf, ya sunkuyar da kai. Wannan bai koya mini ba. Na san abin da ake so: in riƙe tsinken, in rusuna wa hoton sau uku, in kafa su a gabansa. Na san kuma ba zan iya ba, ko da Iya ce a tsaye tana roƙo na. Ga labule taki biyar daga inda nake, ga mota gobe da safe. Gumi ya jiƙa jar rigar. Na karɓi tsinken da hannu biyu, na riƙe su, toka na zuba a yatsuna. Sannan na sunkuya gaban tsohuwar, ba gaban hoton ba, na mayar mata da hannu biyu. Da Hausa na ce, "Baba, ki yi haƙuri. Wannan ɗaya ba zan iya ba." A raina na ce shi ke nan, na kashe Iya.

Ta tsaya tana kallo na. Sai ta faɗi wata magana gajeriya, ta share ido da bayan hannu. Lan ta fassara: "Ta ce haka ƙaninka yake yi. Shekara shida tana ba shi, shekara shida yana mayar mata, da hannu biyu." Tsohuwar ta kafa tsinken da kanta. Ta ja ni ta nuna mini kwanon da ke gaban hotonsa: shinkafa da kifi. Na sauran duk da naman alade. Lan ta ce tukunyarsa daban take tun yana raye, kuma a cikinta ake dafa wa Ummi har yau.

Na ɗaga hannuwana na yi wa ɗan'uwana addu'a yadda muka iya, suka tsaya shiru har na shafa. Sannan na fito da kwalbar Iya. Na ce wa Lan ta gaya wa tsohuwa wannan ba na matattu ba ne, na masu rai ne, uwar Kyari ce ta haɗa da hannunta don jikarta. Na roƙi garwashi. Gidan masu ud ne, nan da nan aka kawo a ɗan kasko. Na barbaɗa kaɗan. Hayaƙi ya tashi, ƙamshin tsakar gidanmu na Soron Ɗinki ya cika falon mutanen nan.

Ba a yi minti biyu ba labule ya yaye. Wata 'yar yarinya ta fito da gudu, kanta duk gumi, tana kiran babanta. Ta wuce ni, ta leƙa bayan ƙofa. Ta fita tsakar gida inda ya saba ajiye babur, ta dawo. Ta duba bayan kujera. Daga ƙarshe ta tsaya a gabana, ta ɗaga kai tana kallon fuskata, ta ga ba shi ba ne. Ba ta yi kuka ba. Ta kama hannun rigata inda hayaƙin ya kama, ta kai hancinta, ta riƙe.

Da kyar na iya danna wayar. A Kano hantsi ne. Yagana ta tallafo Iya ta jingina ta da filo. Na tsorata da yadda ta koma. Lan ta ɗora Ummi a cinya, na matso da wayar. Iya ta daɗe tana kallo, tana kai yatsa kan gilashin. Ta ce goshin Kyari ne, kunnen kuma na babansu. Ta kira ta da sunanta sau uku, yarinyar ta leƙa tana mamaki.

Sai Iya ta ce in nuna mata matar da ta watsa mini gishiri. Na harari Yagana ta cikin waya, ta kau da kai. Tsohuwar ta karɓi wayar da hannu bibbiyu. Suka kalli juna, babu mai jin yaren wata, kowacce ta san abin da ɗayar ta binne. Na karɓa na ce, "Iya, ba zan taho da ita ba." Na jira faɗa.

"Wa ya ce ka taho da ita?" in ji Iya. "Matar da za ta kori ƙato irinka da gishiri saboda jikarta, ai ta iya riƙo. Bar mata."

Ta lumshe ido, har na tsorata. Sai na ji ta ce, ba da ni take ba, "Yagana, kunun gyaɗar nan na jiya, akwai saura?"

Iya ta yi azumin shekarar, ta yi na bayansa. Yanzu duk shekara tana haɗa kwalba ɗaya, in aika da wuri don ta isa kafin idinsu. Ranar idin kuwa ko waya ba na bugawa, kada muryata ta zama ta farko da za ta shiga gidan. Sai rana ta huɗu nake kira, kuma tsohuwar nake fara gaisarwa.